Ban Ta Klang, Ƙauyen Masu Giwa a Ƙasar Tailan

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, su ga yadda wani ƙauye na ƙasar Tailan ya yi da dukiyar da ya gada, sa'ad da dajin da ke ɗauke da dukiyar ya ƙare. Dukiyar nan kuwa giwaye ne. Ko da ya ke ba a kiwon giwa a ƙasar Hausa, al'amuran da suka taso wa mutanen ƙauyen ba baƙi ba ne ga wanda ya saba da zauren hakimi, watau rabon ƙasa tsakanin noma da kiwo, da ƙidayar dabbobi, da diyyar ɓarnar gona, da kuɗin da baƙi ke kawowa, wanda yau akwai shi gobe babu.

Inda ƙauyen ya ke

Tailan tana kudu maso gabashin Asiya. Dā Siyam a ke kiranta, babban birninta kuwa Bankok. An raba ƙasar lardi-lardi, kowane lardi gunduma-gunduma, ƙarƙashin gunduma akwai ƙasar dagaci wadda su ke kira tambon, sa'an nan ƙauyuka, kowanne da mai garinsa. Sai dai shugaban gunduma a can ba basarake ba ne, ma'aikaci ne da Gwamnati ke turowa, kamar Di'o. Ban Ta Klang yana cikin ƙasar dagacin Krafo, gundumar Ta Tum, lardin Surin, kimanin mil 36 arewa da garin Surin. Ba nisa da shi wani kogi mai suna Chi ke faɗawa cikin babban kogin Mun, a wani wuri da a ke kira Wang Talu.

Ƙasar wurin mai rairayi ce. Damina ɗaya gare su, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan rani mai tsawo. Shinkafa su ke nomawa, mata kuma suna saƙar alharini. Amma abin da baƙo zai fara lura da shi in ya shiga ƙauyen shi ne dogayen rumfuna a gefen gidaje, waɗansu sun fi gidan kansa tsawo, ga giwa tsaye a ƙarƙashi tana ci, kamar yadda a kan ga doki a turke a ƙofar gidan basarake.

Giwar Asiya ba ta kai ta Afirka girma ba. Kunnenta ƙarami ne, macen kuma ba ta da dogon haure, an kuwa yi dubban shekaru ana hore ta ana sa ta aiki. Amma wajen ci ba ta da sauƙi. Babbar giwa ta kan ci ciyawa da ganye kilo 150 zuwa 200 a yini guda, ta sha ruwa kamar garwa 8 ko 10, ban da na wanka. Cikinta wata 22 ne, ta kan kuma yi shekara 60 har 70 a duniya, saboda haka wanda ya sami 'yar giwa yana magidanci, sau da yawa ɗansa ne zai binne ta. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na ci da sha, gama duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Mutanen Kui da sana'arsu ta gado

Mutanen ƙauyen wata kabila ce da a ke kira Kui. Harshensu dabam ne da na Tai, ya fi kusa da na mutanen Kambodiya. Kamar yadda aka san Fulani da saniya, haka aka san wannan reshe na Kui da giwa. Bisa ga tarihin da mutanen lardin ke bayarwa, wajen shekarar 1760 wata farar giwa ta Sarkin Siyam ta tsere daga Ayutaya, babban birnin wancan zamani, ta faɗa dajin gabas. Farar giwa kuwa a wurinsu alamar sarauta ce, ba mai mallakarta sai Sarki. Shugabannin Kui suka taimaki manzannin Sarki har aka kamo ta, Sarki ya saka musu da sarautu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Ciyangpum, aka naɗa shi Luwang Surin Fakdi, daga sarautarsa ce kuma garin Surin ya sami sunansa a 1786.

Farautarsu ta kama giwa da rai ce, ba ta kashewa ba. Su kan fita ƙungiya guda bisa horarrun giwaye, su yi wata biyu ko uku a daji, sau da yawa har su ƙetare duwatsun Dangrek su shiga ƙasar Kambodiya. Kowace giwa mutum biyu ke kanta, gwani a wuya, mataimaki a baya. In suka riski garke sai su kutsa ciki su tarwatsa shi, su zaɓi matashiya su bi ta. Gwanin yana riƙe da doguwar gora, a bakinta an rataya zargen kiri. Da giwar dajin ta ɗaga ƙafar baya cikin gudu sai ya zura mata zargen, a saki sauran igiyar ta yi ta ja, har a sami itace a ɗaure. Daga nan horarrun giwaye su sa ta a tsakiya su taho da ita.

Kirin nan da fatar ɓaunar gida a ke yinsa, irin wadda su ke huɗa da ita, a murɗa tsiri uku wuri ɗaya. Sunansa pakam. A ganinsu ba igiya ce kawai ba, kakanninsu na zaune a cikinta, don haka su kan gina mata ɗan ɗaki bisa dirkoki dabam da gida. Kafin a tashi farauta a kan kai mata kan alade da dafaffiyar kaza da giya, a zaro ƙashin haɓar kazar a duba, in ya yi kyau a busa ƙaho a kama hanya, in bai yi ba a fasa. A daji wani harshe na musamman su ke yi, ba na gida ba. Matan da aka bari a gida su ma da nasu sharuɗɗa, ba su aske gashi, ba su saukar da baƙo ya kwana, har mazan su komo. Mai karatu da ya san al'adun maharba da 'yan tauri na dā ba zai yi mamakin waɗannan ba.

Gwanayen su a ke kira mo cang, muƙamansu kuwa hawa-hawa ne. Mutum ya kan fara da zama mataimaki a bayan giwa, in ya kama da hannunsa a ɗaga shi, ya bi ta muƙamin Sadiyang zuwa Sadam, har ya kai Kru Ba Yai, shugaban farauta, wanda ba a ƙetare maganarsa a daji. Ba a gadon muƙaman nan, ba a kuma sayensu. Yawan giwayen da mutum ya kama shi ke ɗaga shi.

Yadda hanya ta toshe, daji kuma ya ƙare

Abu uku suka haɗu suka rushe wannan zama, ba kuwa a rana ɗaya ba.

Na farko iyaka ce. Tailan da Kambodiya suka yi jayayya a kan wani tsohon gidan ibada da ke bisa duwatsun Dangrek, mai suna Preya Wihiya. Suka yanke hulɗa a 1958, suka sake yankewa a 1961, Kotun Duniya kuma ta ba Kambodiya gaskiya a 1962. Cikin waɗannan shekaru ne tafiyar Kui farauta ƙetare ta tsaya, ba ta kuwa sake tashi ba, gama yaƙe-yaƙen Kambodiya sun biyo baya. Rigimar iyakar ma ba ta mutu ba, don ko a watan Yuli 2025 an yi musayar wuta a kudancin lardin Surin. Tun daga wancan lokaci giwayen Kui sai dai haihuwa ko saye.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, dajin gida ne. Bisa ga lissafin Ma'aikatar Gandun Daji ta Tailan, a 1961 daji ya rufe kashi 53 cikin 100 na ƙasar, amma kafin 1989 ya komo wajen kashi 28. A arewa maso gabas aka yi ta sharar daji ana shuka rama, daga baya rogo da rake, duk don sayarwa waje. Inda aka ce za a mai da daji kuma, sau da yawa sai aka dasa itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, saboda saurin girmansa da kuɗin da masu yin takarda ke biya. A takardar ofis wurin ya koma daji. A wurin giwa kuwa fako ne, gama ba abincinta ba ne, ciyawa ma ba ta yin kirki a ƙarƙashinsa. Dā mutumin Ta Klang ya kan saki giwarsa da maraice da doguwar sarƙa ta kwana tana kiwo, da safe ya bi sawu ya komo da ita, bai kashe ko anini ba. Da dajin ya tafi, kilo 200 ɗin nan na kowace rana ya komo wuyansa, ko ya noma, ko ya yanko, ko ya saya. In kuwa ya sake ta ta faɗa shinkafar maƙwabci, a dare ɗaya ta kan jawo masa diyyar da zai daɗe yana biya.

Ba wani mutum guda da ya zauna ya yanke shawarar a raba giwaye da wurin kiwonsu. Gona-gona aka yi ta yanka, kowace da hujjarta, kowace kuma da iznin wani. Hakiman da suka ga yadda burtali ke ƙanƙancewa shekara-shekara, ko da ya ke Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, sun san yadda irin wannan ke faruwa.

Na uku aiki ne. A watan Nuwamba 1988 ambaliya da zaftarewar ƙasa suka hallaka ɗaruruwan mutane a kudancin Tailan, aka ɗora laifin a kan saran itatuwa, sai Gwamnati ta hana yankan katako a dazuzzukan ƙasar a farkon 1989. Jan gungume kuwa shi ne babban aikin giwar gida. Aikin ya fi yawa a arewacin ƙasar, amma hanin ya taɓa kowa, domin dubban giwaye sun rasa abin yi a lokaci guda, duka kuwa suka juya ga abu ɗaya da ya rage, watau 'yan kallo. An ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 giwayen gida a Siyam sun kai 100,000. Yanzu ba su kai 4,000 ba, duk da haka ciyar da su ya fi wuya.

Giwa a birni

Sai masu giwa na Surin suka shiga ci-rani da dabbobinsu. Su kan ɗauki hayar babbar mota ta kai su Bankok ko garuruwan bakin teku, su sauka a wani kango ko ƙarƙashin gada. Da dare su bi titunan da a ke shaye-shaye, yaro na gaba da jakar rake ko ayaba, ya sayar wa mai wucewa ƙulli guda, mai wucewa ya miƙa wa giwa ta karɓa da hannunta. Watau mutum ya sayi abincin, ya kuma ba dabbar mai abincin. Kuɗi kam ana samu, har ya fi na noman shinkafa nesa. Amma kwalta na cin tafin ƙafar giwa, hayaƙi na cin idonta, motoci na banke su, waɗansu na faɗawa ramin magudanar ruwa su karye. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Jikokin waɗanda Sarki ya naɗa saboda giwa suka zama 'yan wasan ɓuya da 'yan sanda.

Hukumar birnin Bankok ta yi ta kora suna komowa, har a 2010 ta tsananta doka, ta sa tara a kan mai giwa, da kuma wanda ya sayi abinci ya ba ta. Amma kora kaɗai ba ta ƙosar da giwa. Wanda aka kora daga wannan titi gobe yana wancan gari.

Komawa gida

Abin da ya fi tara amfani shi ne shirin da Majalisar Mulkin Lardin Surin ta soma wajen 2006, na mai da giwaye gida. Majalisar nan ita ce kamar En'e ta lardin. Aka ce duk mai giwar da ya bar yawo ya komo Ta Klang za a ba shi wurin zama shi da dabbarsa, a riƙa biyansa kuɗi kowane wata, shi kuwa ya kawo giwarsa cikin ayyukan wata cibiya da aka kafa a ƙauyen don nazarin giwa da nuna ta ga baƙi. Giwaye kimanin 200 suka shiga. Hukumar gidajen namun daji ta ƙasar ita ma ta buɗe nata shiri a gandun dajin Dong Fu Din da ke kusa, garin Surin kuma yana da asibitin giwaye na Ma'aikatar Dabbobi.

Baƙi ba sababbi ba ne a lardin. Tun 1960 aka fara babban taron giwaye a Ta Tum, daga baya aka mai da shi garin Surin, ana yinsa kowane watan Nuwamba. Giwaye ɗaruruwa ke haɗuwa, a nuna yadda a ke kamu a dā, a kwaikwayi yaƙin sarakuna bisa giwaye, a ja igiya tsakanin toron giwa guda da rundunar soja. Taron ya yi kama da hawan daba, sai dai kwana kaɗan ne a shekara. Nufin sabon shirin shi ne baƙo ya zo ƙauyen kansa ko wane wata. A cibiyar ana wasa sau biyu a yini. A wajen watan Mayu kuma akwai bikin shigar samari zuhudun addinin Buda, inda a ke yi wa giwaye zane a fuska, a ɗora samarin a kai, a yi jerin gwano zuwa Wang Talu. Ƙananan sana'o'i suka tsiro a gefe. Ana saukar da baƙi a gidaje, ana sayar da alharini, ana dafa kashin giwa a yi takarda da shi, tun da yawancinsa zaren ciyawa ne. Har wani mutumin Kanada, Blake Dinkin, ya kawo sana'ar gahawa wadda a ke ba giwa 'ya'yan ta haɗiye, mata su tsince ƙwayar daga kashinta a wanke a soya. Kilo 33 na 'ya'yan ke ba da kilo 1, tana kuwa cikin gahawa mafi tsada a duniya.

Wannan duka ci gaba ne, ba mai musu. Amma shirin ya komo da giwaye, bai komo da daji ba. Kuɗin wata ba ya isar iyali da giwa tare, filin sakin dabbobi kuma kaɗan ne, saboda haka giwaye da yawa a ɗaure su ke yini su kwana, da gajeriyar sarƙa a ƙafa, ana kawo musu doguwar ciyawar da a ke shukawa da ganyen abarba a bayan mota. Dabbar da Allah ya halitta ta yi tafiyar mil da yawa kowace rana, in ta daɗe a turke sai a ga tana ta kaɗa kai da jiki ba dalili. Baƙo ya kan ɗauka rawa ta ke yi. Likitocin dabbobi sun ce alamar ƙunci ce.

Maganar horo

A nan ne gardama ta fi zafi, ya kamata kuwa a faɗi ta kowane gefe. Giwa ko a gida aka haife ta ba ta zama kamar tunkiya ba. Ƙarfinta ya wuce a yi wasa da shi, toro kuma ya kan shiga wani yanayi shekara-shekara, wani ruwa ya riƙa tsiyaya a gefen kansa, ya yi makonni ko watanni ba ya sauraron kowa, har mai shi ya kan kashe. Saboda haka duk giwar da za ta zauna cikin mutane tilas ta san umarni, ta tsaya in an ce tsaya, ta durƙusa, ta ɗaga ƙafa likita ya duba. Masu giwa na riƙe da wata 'yar sanda mai ƙugiya, sun ce ita ce linzaminsu, wanda ya ajiye ta ya sa ransa da na baƙi cikin hatsari.

Hanyar gargajiya ita ce a raba ɗan giwa da uwarsa yana ɗan shekara biyu ko uku, a tsare shi a wani matsattsen shinge, a ɗaure, har ya sallama ya karɓi mutum a matsayin shugabansa. A hannun mai haƙuri abin ya kan zo da sauƙi. A hannun mai gaggawa kuwa duka ne da yunwa da hana barci, ƙungiyoyin kare dabbobi sun kuwa ɗauki hotunan irin wannan a Tailan sun watsa a duniya, har manyan kamfanonin yawon buɗe ido da yawa suka daina sayar da tikitin hawan giwa. Akwai wata hanya da a ke koyarwa yanzu a waɗansu wurare, ta lada maimakon duka: a taɓa ƙafar giwa da sanda mai laushi, in ta ɗaga a ba ta ayaba, a yi ta maimaitawa har ta gane. Tana cin lokaci, amma ta isa ga abin da likita ke bukata.

Abin lura shi ne, abin da baƙo ya biya don ya gani, shi ke yanke irin horon da za a yi. In baƙo na son giwa ta yi zane da burushi, ta buga ƙwallo, ta tsaya da ƙafa biyu, to, sai an matsa mata tun tana ƙarama. In kuwa ya gamsu ya gan ta tana kiwo tana wanka, horo kaɗan ya wadatar. A kan wannan ne wata ƙungiya ta Sangduen Chailert, wadda aka fi sani da Lek, ta soma wani shiri a Ta Klang a 2009. Baƙi su biya su zauna mako guda, su yanko ciyawa, su dasa itatuwa, su raka giwaye zuwa kogi a ƙafa, ba hawa ba wasa, a biya masu giwar don su kwance sarƙa sa'o'i da dama kowace rana. Irin wannan ne a ke nufi da yawon buɗe ido mai kiyaye daji da halittunsa. Sai dai giwayen da shirin ya ɗauka 'yan kaɗan ne cikin ɗaruruwa, sunan kuma ya yi araha, kowane mai tikiti na iya rubuta shi a allonsa.

Littafin rajista

Wannan sashe na malamai ne musamman. A dokar Tailan giwa iri biyu ce. Ta daji tana ƙarƙashin dokar kare namun daji, an fara ba ta kariya tun 1921. Ta gida kuwa tana ƙarƙashin dokar dabbobin sufuri ta 1939, tare da doki da jaki da alfadari da saniya da ɓauna. Dukiya ce, ana saye ana sayarwa, farashinta kan kai na sabuwar mota ko ya fi. A ofishin gunduma a ke rubuta ta, a ba mai ita takardar shaida mai bayyana kamanninta.

Amma dokar ba ta tilasta a rubuta giwa ba sai ta shiga shekara 8. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dā ɓarayi su kan kama ɗan giwa a daji, galibi a ƙasar Bama, su ƙetaro da shi, a haɗa shi da wata uwa ta gida, in ya kai shekarun a kai shi ofis a ce ita ta haife shi. Malamin da bai ga haihuwar ba, ba shi da abin da zai ƙaryata da shi, sai ya rubuta. Wata ƙungiya mai bin diddigin fataucin namun daji, TRAFFIC, ta ba da rahoto a 2014 cewa giwaye kimanin 80 aka kama ta haramtacciyar hanya don kasuwar Tailan tsakanin Afrilu 2011 da Maris 2013. Ba a kan ƙauye ɗaya laifin ya ke ba, amma zargin ya shafa wa duk mai giwa kashin kaji, har da wanda dabbarsa gadon kaka da kakanni ce. A 2015 aka yi dokar hauren giwa, a 2016 kuma Gwamnati ta ba da umarni a kawo kowace giwar gida, babba da ƙarama, a ɗebi jininta a adana shaidar asalinta, yadda in an ce wannan ɗan wance ne gwaji zai tabbatar ko ya ƙaryata. Ana kuma sa musu wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata. Wanda ya taɓa zagayen jangali ya san bambancin ƙidayar da aka yi a ruga da wadda aka yi a zaure.

Shekarar da baƙi suka ɗauke ƙafa

A 2020 aka gama wani babban gini a ƙauyen, mai suna Duniyar Giwa, wanda Majalisar Lardi ta sa wani gwanin zanen gini, Boonserm Premthada, ya tsara. Akwai gidan tarihi na jan bulo, da hasumiyar hangen nesa, da filin wasa mai doguwar rumfa, ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa kuma ya zama tafkin ruwa. A wannan shekara ce annobar korona ta rufe ƙasar. Baƙin da suka shiga Tailan a 2019 sun kusa miliyan 40. A 2021 ba su kai rabin miliyan ba.

Wuraren wasan giwa na Fuket da Fataya da sauransu suka rufe, aka sallami masu giwa, waɗanda da yawansu 'yan Surin ne da ke aiki can. Aka yi ta ɗebo giwaye a manyan motoci ana saukewa a Ta Klang da ƙauyukan kewaye, a ƙasar da ciyawarta ba ta ishi waɗanda ke nan ba tun farko. Tikiti ya tsaya, ci bai tsaya ba. Ma'aikatar Dabbobi ta raba ciyawa, waɗansu suka ci bashi, waɗansu suka sa dabbobinsu a kasuwa. Matasa kuwa suka ɗauki wayar hannu, suka kafa ta a gaban rumfa, suna nuna giwayensu kai tsaye ta YouTube da Facebook da TikTok. Mai kallo a Bankok ya aiko da kuɗin kwandon ayaba, a kira sunansa, ya ga giwa ta cinye a gabansa. In an duba da kyau cinikin titin Bankok ne ya komo da sabuwar riga, sai dai wannan karon giwar tana inuwar gidansu, ba mota a bayanta. Gidajen da suka fi jurewa kuwa su ne masu gonar shinkafa da filin ciyawa na kansu.

Da aka buɗe ƙasa a 2022 baƙi suka fara komowa, giwaye da yawa suka sake hawa mota zuwa bakin teku, waɗansu masu su kuwa suka zaɓi zama gida da wayarsu. Ana dasa itatuwan asali a filayen da aka keɓe, amma itace ya kan ɗauki shekaru kafin ya yi inuwa.

Kusa da ƙauyen akwai wani gidan ibada a cikin kurmi, Wat Pa Ajiyang, inda a ke da maƙabartar giwaye mai kabari fiye da 100. In giwa ta mutu a kan binne ta tukuna a wani wuri, bayan shekaru a tono ƙasusuwan a kawo su nan, a rufe da murfi mai siffar hular mayaƙan dā, masu ita su riƙa zuwa ziyara. Tsofaffin mo cang da suka taɓa jefa zarge a dajin Kambodiya saura ƙalilan, duka sun tsufa ƙwarai, tun da kuwa ba a kamu, ba hanyar da saurayi zai bi ya kai muƙamin Kru Ba Yai irin ta dā. Har yanzu dai su a ke kira su tsaya gaban ɗakin pakam su duba ƙashin kaza, in za a yaye ɗan giwa, ko za a ɗora wata a mota zuwa aiki.